Muna so mu kai wa tsofaffin rubaɗi awon lafiya har gida, ta ina za mu fara?

Uwar Tagwaye, Makka

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wajen waɗanda suka san aikin asibiti, da waɗanda suka san dokar ƙasar nan.

Gwaggona tana zaune a wani rubaɗi na mata can bayan Shari'u Mansur, irin gidajen waƙafin nan da ake ba tsofaffin da mazansu suka rasu kuma ba su da mai ɗauka. Bene ne hawa uku, ba lif, ɗaki ashirin da huɗu, kowace da ɗakinta da ɗan murhunta na gas. Yawancinsu namu ne, Hausawa da Fulani da Barebari, sai Zabarmawa biyu da wata 'yar Burma da ta fi ni iya faɗa da Hausa. Wasu nan aka haife su, wasu kuma a goye aka taho da su ta Sudan, zamanin da ake zuwa Hajji a ƙasa.

Abin da ya tayar da maganar, watan jiya wata tsohuwa a hawa na biyu ta faɗi a banɗaki. Sai bayan Azahar maƙwabciyarta ta ankara ba ta ji motsinta ba. Aka kira 997, lambar motar asibiti, suka ɗauke ta, ashe ɓarin jikinta na dama ya shanye. Likita ya ce jininta ya daɗe a sama. Ita kuwa ba ta taɓa sanin tana da hawan jini ba. Abin da ta sani kawai kanta na sarawa, sai ta sha Panadol ta ɗaure goshi da ɗankwali ta kwanta.

To, mu 'yan adashen unguwa muka ce me zai hana mu ware rana guda mu kawo masu awo. A duba musu jini da sukari da ido, a yi musu bayani da Hausa, don da yawansu ko an kai su mustausaf, wato ƙaramin asibiti, kai kawai suke gyaɗawa, su fito ba su fahimci rabin abin da aka ce ba. Akwai falo babba a ƙasa inda suke karatun Alƙur'ani, muna tunanin nan za mu jera tebura, mu kawo abinci da 'yar kyauta.

Tambayoyina: izinin wa ake nema? Wane awo ne ya fi muhimmanci tunda kuɗinmu ba yawa? Wace rana ta fi dacewa? Sannan yaya za mu yi da irin su gwaggona, wadda ta rantse ba namijin da zai taɓa mata hannu, kuma ta ce wanda ya je neman ciwo shi ke samunsa?

Malamar Jinya, Jidda

Wa alaikumus salam Yaya. Allah Ya ba ku lada, Ya ba wadda ta faɗi lafiya. Na taya wata jam'iyya, wato ƙungiyar agaji, irin wannan aiki a rubaɗan Balad, tsohon garin Jidda, bari in faɗa miki abin da idona ya gani.

Falon ƙasa kada ki dogara da shi. Waɗanda za su sauko su ne masu ƙarfin ƙafa, waɗanda dama suke zuwa Harami da kansu. Wadda kike nema tana hawa na uku, gwiwa ta hana ta saukowa tun bara. Ku rabu biyu: wasu su zauna a falo, mutum biyu su ɗauki jaka su bi ɗaki ɗaki. A ɗakin ne ma za ki ga abin da tebur ba zai nuna miki ba: dardumar da ta naɗe a bakin ƙofa, banɗaki mai santsi ba abin kamawa, ƙwan fitilar da ya mutu, gas kusa da labule. Sandar ƙarfe guda a bangon banɗaki tana iya hana karayar ƙugu, ita kuwa karayar ƙugu ga 'yar shekara tamanin sau da yawa ita ce kwanciyar da ba a tashi.

Awon jini shi ne na farko, kuma shi aka fi ɓatawa. Tsohuwa ta sauko matakala tana haki, a ɗora mata na'ura kan hannun riga nan take, ba awo aka yi ba. Ta zauna a kujera mai jingina minti biyar, ƙafa a ƙasa, hannu a kan tebur daidai ƙirji, ba hira. A auna sau biyu. Ku nemi maɗaurin hannu babba ban da na kullum, don in hannu ya yi kauri aka matse shi da ƙarami, awon hawa yake yi fiye da gaskiya. Daga 140/90 zuwa sama a rubuta, a sake aunawa wata rana kafin a ce mata tana da ciwo. In ya kai 180/120 ranar nan za ta ga likita, in kuma da ciwon ƙirji ko nauyin baki ko mutuwar hannu, 997 za ku kira ba tasi ba. Mai kukan jiri a auna ta a kwance, a sake bayan ta miƙe. In lamba ta farko, ta sama, ta faɗi da 20, wannan ita ce za ta faɗi a banɗaki gobe, kuma sau da yawa maganin da take sha ne ya yi mata yawa.

Sukari kuma, kafin a soki yatsa a wanke hannu da sabulu a bushe. Kin san iyayenmu, ba a raba yatsunsu da dabino. Ɗan danƙon da ya rage a fata ya isa ya sa na'ura ta ba ki lambar da za ta firgita kowa. A tambaye ta yaushe rabonta da abinci, shayi ma abinci ne, don za ta ce miki ba ta ci komai ba alhali ta sha kofi biyu da cokali uku uku na sukari bayan Asuba. Wanda ya kwana awa takwas bai ci ba, 126 zuwa sama abin bincike ne. Wanda ya ci, 200 zuwa sama. Ƙasa da 70 kuwa a ba ta ruwan sukari ko lemo nan take, shi ya sa ba na zuwa irin wurin nan ba kwalin lemo a jakata. Tsinken gwajin kada a bar shi cikin mota a rana, zafi na lalata shi. Kowace da sabon abin sukarta, a zo da robar zuba allura mai murfi. In likita ya tura wata gwajin HbA1c, wanda ke nuna sukarin wajen wata uku, a faɗa masa in akwai sikila a danginta ko ƙarancin jini, don suna iya karkatar da sakamakon.

Wanda kowa ke mantawa shi ne ƙafa. A cire safa, a duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu da faso. Lalle yana ɓoye jan fata, sai an sa hannu an ji ko wuri ya yi zafi. Na ga tsohuwar da ta taka tayil ɗin tsakar gida da rana ta ƙone har ya yi ruwa, ba ta ji ba, sukari ya riga ya kashe jijiyar. Ƙudaje ne suka tona.

Ido ba za ku iya da kanku ba in ban da allon haruffa. Ku nemi mai siffar E da ake nuna inda ƙafafunsa suka kalla, ba sai an iya karatu ba. Yanar ido ana cire ta a gani sarai, amma hawan jinin ido da ɓarnar sukari a bayan ido sai na'urar asibiti.

Rana kuma, Asabar da safe ce ma'aikata ke samun sarari. Ku kauce wa Litinin da Alhamis da 13, 14, 15 ga watan Musulunci, rabinsu na azumi, kuma duk yadda kika ce musu malamai sun ce sukar yatsa ba ta karya azumi, wasu ba za su yarda ba. Ni da za ki ji tawa, ki sa shi a Rajab. Ana so mai sukari ya ga likita mako shida zuwa takwas kafin Ramadan don a gyara masa magani.

Batun gwaggo mai sauƙi ne: duk masu shiga ɗaki su zama mata.

Abu Usama, Rusaifa

Hajiya, ni ba likita ba ne, amma na yi aiki da takardun jam'iyyu, ki ji wannan da kyau. Nan ba gida ba ne da za ku kafa rumfa ku kira ɗan'uwa mai kemis.

Ki fara da nazirin waƙafin, shi ke da iko da gidan, ba mai gadi ba kuma ba tsofaffin ba. Ki sanar da umda, wato mai unguwa. Sannan aikin kansa ya zama a ƙarƙashin jam'iyya mai lasisi ko cibiyar lafiyar unguwa, su ne za su nemi izini su zo da mutanensu. Jam'iyyar Zamzam ta ayyukan lafiya tana aiki a yankin Makka da Jidda, akwai ire-irenta. Ki je ofis da ƙafarki, da jerin yawan matan da shekarunsu, ki ce kuna so su zo ku kuma ku zama masu fassara da hidima. Duk wanda zai soki yatsa ko ya duba mara lafiya sai yana da rajistar hukumar ƙwararrun lafiya ta Saudiyya. Takardar da ya zo da ita daga Kano ko Khartum ba ta wadatar ba. Masu taya aiki kuma akwai manhajar aikin sa kai ta ƙasa da ake rajista.

Kuɗi: abin da kuka cire daga aljihunku ku sayi ruwa da kujeru naku ne. Amma kada wata ta tura lambar asusunta a WhatsApp tana cewa a taimaka wa tsofaffi. Tara gudummawa ba izini laifi ne a nan, an sha kama mutane masu kyakkyawar niyya a kansa.

Hoto ma haka. Dokar laifukan intanet ta 2007 ta tanadi ɗauri har shekara guda ko tarar da ta kai riyal 500,000 ga wanda ya keta sirrin wani da kyamarar waya. Ki ce wa 'yan matanku waya ta zauna a jaka.

Sai abu na ƙarshe da ba a son faɗa. Cikin matan nan akwai 'yan ƙasa, akwai masu iƙama, takardar izinin zama, kuma ke ma kin san akwai mai yiwuwa a samu wadda takardarta ta mutu. Dokar haƙƙin tsofaffi da ta fito a 2022 'yan ƙasa masu shekara 60 zuwa sama take nufi. Tun kafin ranar ki tambayi jam'iyyar ƙarara: za ku nemi katin shaida kafin awo? Wanda aka samu da ciwo kuma ba shi da inshora, ina za ku tura shi? In tsofaffin suka ji ana rubuta lambar iƙama, wallahi ƙofofi za ki ji ana ta kullewa.

Baba Mai Goro, Jidda

'Yata, ki yi haƙuri da bakin tsoho, jikana ke rubuta mini. Yayata ta yi shekarunta na ƙarshe a rubaɗi, Allah Ya jiƙanta. An zo musu da irin wannan. Aka zo da riguna iri ɗaya da balan-balan, aka auna su, aka ba kowace takarda da lamba a jiki da robar ruwa da burushi, wadda ba ta da haƙori ko ɗaya ma ta samu burushinta. Yarinyar da ta auna yayata ta ce mata, Hajja sukarinki ya yi yawa ƙwarai, ki ga likita. Suka naɗe kayansu kafin La'asar.

Wane likita? Da wace mota? Wa zai biya? Ba wanda ya ce. Takardar nan ta saka ta cikin Alƙur'ani, a nan na same ta bayan rasuwarta. Abin da ranar ta ƙara mata tsoro ne kawai. Ta daina cin dabino ta daina shan shayi, amma ta ci gaba da burodin tamis da shinkafa da kunu mai zuma, don ba wanda ya ce mata su ma sukari ne.

Saboda haka kada ki raina maganar gwaggonki. Ba jahilci ba ne. Ta ga waɗanda aka gaya wa ciwo aka bar su da shi. In ba ku da mai kai su asibiti bayan nan, ku bar su da kwanciyar hankalinsu, ku kai musu kuɗin a leda. In kuwa kuna da shi, to ku fara neman direba kafin ku nemi likita. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Tun da aka yi rusau a unguwannin Gulail da Karantina da Sabil a nan Jidda daga ƙarshen 2021 mutanenmu suka watse, wanda da yake leƙa tsohuwa kullum yanzu yana wata uwa duniya. Su ne ya kamata ku nemo lambobinsu.

Ɗan Mai Wurno, Madina

Baba ya gama magana. Ni a saidaliyya, wato kantin magani, nake aiki, zan ƙara abu ɗaya da bai cin kuɗi kuma a ganina ya fi awon kansa amfani.

Hajiya, ki ce kowace ta juye duk abin da take sha a faranti. Duka, har na ƙarƙashin filo da na cikin gwangwanin alawa. Za ki sha mamaki. Za ki ga magani ɗaya da sunan kamfani biyu, ɗaya daga mustausaf ɗaya alhazai suka zo mata da shi daga gida, tana shan duka biyun a zaton daban ne. Za ki ga ƙwayar hawan jinin maƙwabciya, an ba ta don ita ta ji daɗinta. Za ki ga diclofenac ko ibuprofen na ciwon gwiwa ana sha kullum shekara da shekaru, su kuwa suna tayar da jini, suna cin ƙoda, suna ƙwaƙule ciki. Wata ƙafarta ta kumbura tana ta shafe-shafe, alhali amlodipine ne ke kawo kumburin, canji kawai likita zai yi. Mai shan glibenclamide kuma tana azumin nafila, ita ce za a tarar tana gumi tana sambatu a ce aljanu ne, sukarinta ne ya faɗi. Insulin wasu a firiza suke sa shi ya daskare, ya lalace kenan. Wanda aka buɗe yawanci kwana 28 ne, kuma ɗakin da na'urar sanyaya shi ba ta aiki a zafin Makka ba wurin ajiyarsa ba ne.

Na gargajiya ma a fito da shi, kada a yi musu faɗa a kai. Habbatus sauda da zuma da jiƙe-jiƙe, in kika zage su gobe za a ɓoye miki. A dai rubuta don likita ya sani. Abin da nake ja musu kunne a kai shi ne kanwa da dunƙulen miya, don tsohuwa za ta ce ta bar gishiri alhali ta jefa dunƙule uku a tukunya.

Mai duba farantin ya zama ƙwararren mai magani ko likita. Ku kada ku ce wa kowa ta daina wani magani da bakinku, sai wanda ranarsa ta wuce. In aka rikice a kira 937, layin ma'aikatar lafiya ne, ana samun likita dare da rana.

Lokacin sha kuwa ku bar zancen awa takwas takwas. Ku ce bayan Asuba, bayan La'asar, bayan Isha. A zana rana ko wata a jikin kwali. Mahaifiyata da yaƙin Sudan na 2023 ya fito da ita daga Sinnar, da haka na samu ta daidaita, sallah ba ta wuce ta, to magani ma ya daina wucewa.

Abincin ranar kuma don Allah kada ku gama wa'azin sukari ku buɗe tiren alawar basbusa da lemon kwalba.

Malamar Jinya, Jidda

Na goyi bayan Baba ɗari bisa ɗari kan direba. Amma Baba, a bar su da kwanciyar hankali ban yarda ba. Wadda ta faɗi a banɗaki ai hankalinta a kwance yake har safiyar ranar. Maganin hawan jini yana cikin mafi arha a saidaliyya. Yaya, ku yi littafi guda: suna, ɗaki, abin da aka gani, wa zai kai ta, yaushe. Kowace 'yar adashe ta ɗauki tsofaffi biyu su zama nata. Na'urar awon jini ku bar ta a gidan, ku koya wa mai ɗan ƙarfi a cikinsu.

Uwar Tagwaye, Makka

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka. Baba, na karanta wa 'yan adashe maganarka, falon ya yi tsit. Allah Ya jiƙan Yaya, Ya sa Aljanna ce makoma.

Ga inda muke. Mun ga naziri, mutumin kirki ne, ya ce ba shi da matsala in jam'iyya ce ta rubuto masa, ya kuma yarda a kafa ƙarfen kamawa a banɗakuna in mu za mu saya. Wannan mun fara, mijin wata a cikinmu mai aikin famfo ne. Kuɗin da muka ware wa abinci da kyauta mun raba shi biyu, rabi na ƙarfen, rabi na mota da magani bayan awo. Abinci zai zama ful, wato dafaffen wake, ba mai da yawa, da kokwamba, da shayin da kowace za a tambaye ta kafin a zuba sukari. Wata ta ce tsofaffin za su zage mu kan rashin nama, na ce dama ba mu taɓa tsira ba.

Mun bi ɗaki ɗaki mun tambaya. Goma sha shida sun ce to, biyar sun ce sai sun gani, uku ba su buɗe ba, kuma na san dalilin biyu daga ciki, shi ne abin da Abu Usama ya faɗa. Su ba zan sa sunansu a kowace takarda ba sai na ji amsar jam'iyya da kunnena. Gwaggo ta ce a auna jini amma yatsanta ba mai sukarsa. Na ƙyale ta a haka. Farantinta dai na riga na juye: kwali huɗu na diclofenac, biyu ranarsu ta wuce, da wasu jajayen ƙwayoyi a ƙullin leda ba suna, wai wata hajiya ce ta ba ta a Harami. Na ɗauke su zan kai saidaliyya a duba.

Abin da ya rage mana biyu ne. Zabarmawan nan ɗaya ba ta jin Hausa sosai kuma kunnenta ya yi nauyi, muna neman mace a Makka mai jin Zabarmanci da za ta ba mu safiyar Asabar. Sannan Malama, in aka samu mai yana a ido kuma ba ta da inshora, a Jidda ta wace hanya kuka bi aka yi musu aikin? Ki rubuto mini ko a saƙon sirri ne, ina so in san wannan kafin mu sa rana.